Wai wa ke duba hukumomin nan in sun fito da sabuwar ƙa'ida?

Alhaji Mai Gwari, Mile 12:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu ilimin cikinmu ku warware min wani abu, tun shekaranjiya ya tsaya min a rai. Motata ta taso daga Kano da kwandon tumatir sama da 400, ta kwana biyu a hanya lafiya lau, sai da ta kusa shigowa Legas wasu jami'ai suka tare ta wai akwai sabuwar takarda da kowace motar kayan gwari za ta riƙa ɗauka. Direba ya ce bai san da ita ba, ya kira ni, ni ma shekarata 19 a sana'ar nan ban taɓa jin ta ba. Na hau mota na je da kaina na ce a nuna min dokar, sai ɗayansu ya ciro waya ya nuna min hoton wata takarda da ko kwanan watan jikinta ba ya karantuwa. Tun hantsi har bayan la'asar mota na tsaye cikin rana, ina kallon ruwan tumatir na ɗiga ta ƙasan bodi yana bin kwalta, kwandunan ƙasa duk sun narke, ƙuda ya rufe. Wallahi kuɗin da na biya bai ƙona min rai kamar wannan kallon ba. Toh tambayata, irin wannan takardar majalisa ce ke yin ta, ko wani ne kawai ke zama a ofis ya rubuta? In wani ne, wa ke duba shi?

Maman Ummi, Idi-Araba:
Innalillahi. Allah ya mayar da alheri Alhaji, Allah ya huci zuciyarka.

Baban Khalifa, Agege:
Wa alaikumus salam. Allah ya mayar ninkin ba ninkin Alhaji. Barista na cikin gurup ɗin nan, bari mu jira shi, shi zai faɗa mana gaskiyar lamarin.

Barista:
Ranka ya daɗe Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Kafin komai ka adana rasit in sun ba ka, domin abu biyu ne, ko takardar ta gaske ce ko kuma ƙirƙirarta aka yi don a tatsi direbobi, kuma rasit ne zai raba gardama. Amma tambayarka babba ce bari in ɗan yi bayani.
Majalisa ita ke yin doka, wannan sashe na 4 na kundin tsarin mulkin 1999 ne ya ba ta. Sai dai in ka buɗe kusan kowace dokar da ta kafa wata hukuma, can wajen ƙarshe za ka ga wani ɗan sashe da ke cewa hukumar ko minista na iya yin ƙa'idoji domin aiwatar da wannan doka. Layi biyu ko uku ne kawai. To daga wannan ɗan sashen ake haifo kuɗin lasisi, da tara, da fom, da sitika, da wa'adi, duk abin da ke taɓa aljihunka kai tsaye. Mu lauyoyi muna kiran su ƙananan dokoki, kuma in an yi su a kan hanya suna da ƙarfi a kotu kamar uwar dokar. Shi ya sa talaka yawanci bai taɓa haɗuwa da dokar majalisa ido da ido ba, da 'ya'yanta yake haɗuwa a bakin hanya.
Wa ke dubawa? A takarda majalisa ce. Sashe na 88 ya ba majalisar tarayya ikon binciken duk wata ma'aikata ko hukuma da ke aiwatar da dokarta ko kashe kuɗin da ta ware, sashe na 89 ya ba ta ikon aika sammaci har da ba da umarnin a kamo wanda ya ƙi zuwa. Majalisun jihohi kuma, kamar tamu ta Legas da ke Alausa, nasu yana sashe na 128 da 129. Matsalar ita ce duk wannan bayan aiki ne. Ba wanda ke tilasta wa yawancin hukumomin nan su kawo ƙa'idar gaban majalisa a duba kafin ta fara cizo.

Alhaji Mai Gwari, Mile 12:
Wato Barista ihu bayan hari kenan.

Barista:
Shi kenan Alhaji. Kuma ihun ma sau da yawa ƙuduri ne, ƙuduri kuwa shawara ce, ba doka ba. Hukuma ta ga dama ta bi, ta ga dama ta yi kunnen uwar shegu.

Ɗan Canji, Eko:
Ai mun gani da idonmu lokacin canjin kuɗi. Oktoba 2022 gwamnan babban banki na lokacin, Emefiele, ya sanar za a sake fasalin 200 da 500 da 1000, aka ce ƙarshen Janairu 2023 tsofaffi sun daina aiki, a Disamba kuma aka fito da iyakar cire kuɗi naira 100,000 a sati ga mutum ɗaya. Majalisa ta yi ta kiran gwamnan banki yana cewa ba ya gari, sai mataimakiyarsa Aisha Ahmad ce ta je. Gaskiya a kan iyakar cire kuɗin an ɗan saurara don an ɗaga zuwa 500,000, amma a kan wa'adi majalisa ta nemi a ƙara watanni, abin da aka ƙara kwana 10 ne kacal zuwa 10 ga Fabrairu. Har sai da Gbajabiamila ɗan nan Surulere, yana kakakin majalisar wakilai lokacin, ya ce zai sa a kamo shi sannan ya bayyana gaban kwamitin Alhassan Ado Doguwa. A ƙarshe wa ya ceci mutane? Kotun Ƙoli ce ranar 3 ga Maris 2023, ita ma don gwamnatocin Kaduna da Kogi da Zamfara sun kai ƙara ne. 'Yan majalisa 360 da sanatoci 109 sun kasa abin da gwamnoni uku suka fara.

Injiniya Apapa:
Ku yi haƙuri zan ɗan saɓa muku. Ni ban yarda a ce duk ƙa'ida sai ta bi ta majalisa ba, wallahi ƙasar ce za ta tsaya cak. Ka duba yawan takardun da kwastan kaɗai ke fitarwa a shekara kan kwantena da kuɗin fito, ko hukumar magunguna in ta gano gurɓataccen maganin tari a kasuwa yau, jira za ta yi sai sanatoci sun dawo daga hutu kafin ta hana? Kuma a faɗi gaskiya, mutum nawa ne a majalisa suka san yadda ake lissafin farashin wutar lantarki? An kafa hukumomin nan ne don a sa ƙwararru, babban banki ma dokarsa ta 2007 ta ba shi 'yancin kansa ne da gangan don kada 'yan siyasa su riƙa juya shi lokacin zaɓe. Abin da nake tsoro shi ne mu ba majalisa wannan ikon ta mayar da shi wani shingen karɓar na goro, duk hukumar da ke son ƙa'idarta ta wuce sai ta sallami kwamiti. Kun manta binciken tallafin mai na 2012? Shugaban kwamitin Faruk Lawan shi kotu ta ɗaure a 2021 kan dala 500,000. Kura za mu ba ajiyar nama?

Baban Khalifa, Agege:
Injiniya maganarka akwai ƙamshin gaskiya, amma dai Alhaji tumatirinsa ya ruɓe. Ƙwararren da ya rubuta takardar, in ma ta gaske ce, ba zaɓensa muka yi ba, ba mu san sunansa ba, ba mu san ƙofar gidansa ba. Ɗan majalisa ko ba komai bayan shekara 4 sai ya dawo ya durƙusa yana neman ƙuri'a.

Tsohon Hadimi:
Bari in sa baki don na yi aiki da wani ɗan majalisa a wata jiha ta arewa shekara 3 kafin in dawo Ikko. Abin da ake kira ziyarar sa ido na bi shi sau da yawa. Hukumar da za a je dubawa ita ke turo bas, ita ke kama otal, ita ke yin abincin rana. A shiga ɗakin taro shugaban hukumar ya karanta jawabi, a ba kowa wani ƙaton fayil mai shafi wajen 200 da ba wanda ya taɓa gani sai a lokacin, oga ya miƙo min in riƙe, a ɗauki hoto, a fito. Fayilolin nan a but ɗin mota suke ƙarewa, na taɓa buɗe ɗaya a gida da dare na ga sabon jadawalin kuɗin rajista da aka ninka wa masu shaguna sau uku, ga shi ƙarara a shafi na tamanin da wani abu, kuma ba wanda ya yi tambaya ɗaya a kai. Da na nuna wa oga da safe ya yi shiru, ya ce wallahi bai sani ba, kuma na yarda bai sani ba, don kwamiti 5 yake ciki kuma ba shi da lauya ko akanta ko ɗaya a ofis, mu ne dai masu riƙe jaka da amsa waya. Ba duka mugunta ba ce, akwai rashin kayan aiki da rashin karatu. Amma wanda ya ci abincinka ya kwana a ɗakin da ka biya, da wane ido zai tsare ka da tambaya?

Maman Ummi, Idi-Araba:
Wannan ya fi komai ba ni takaici. Yaya Hadimi wato ƙarin kuɗin yana hannunsu a rubuce suka saka a but. Mu mata masu sana'ar abinci haka muka wayi gari a Janairun 2024 aka ce an hana robar takeaway ta soso a Legas, ni ban ce hanin ba shi da kyau ba don duk wanda ya ga kwalbatin Idi-Araba da damina ya san robar nan bala'i ce, amma mata da yawa sun sari katan-katan sun ajiye. Da an zauna da mu an ce nan da wata kaza, wa zai yi asara?

Malamin Makaranta, Obalende:
Injiniya ina ganin kai da Barista ba ku yi nisa da juna ba. Ba a ce majalisa ta rubuta kowace ƙa'ida ba, ana cewa ne ta gan ta kafin ko da zarar ta fito, kuma ta sami ikon soke ta. Ƙasashe sun daɗe da warware wannan. A Ingila irin waɗannan ƙa'idojin kashi biyu ne, manya sai majalisa ta kaɗa ƙuri'ar amincewa, ƙanana kuma a ajiye su gabanta, in kwana 40 suka wuce ba ta yi watsi da su ba shi kenan sun zauna. Kaga gaggawa ba ta lalace ba. A Amurka tun 1946 dokarsu ta ce hukuma ta buga daftarin ƙa'ida jama'a su tofa albarkacin bakinsu kafin ta zama tilas, sannan a 1996 suka ƙara wata doka da ta ce duk sabuwar ƙa'ida a aika wa majalisa, tana da kamar kwana 60 na zama ta soke. In ka ce waɗannan Turawa ne, to ga Kenya nan, dokarsu ta 2013 ta ce a kai ƙa'ida gaban majalisa cikin kwana 7 na zama bayan an buga ta, in ba a kai ba ta mutu da kanta, kuma akwai kwamiti na musamman da aikinsa kenan.
Ba wai can aljanna ba ce. A Amurkan shugaban ƙasa na iya hawa kujerar naƙi a kan sokewar, shi ya sa daga 1996 zuwa 2016 sau ɗaya tak aka yi nasarar amfani da dokar, a 2001, sai a 2017 da gwamnati ta canja hannu aka soke da dama a jere. A Ingila ma da wuya ka ji an kayar da ƙa'ida. Amma amfanin da nake gani shi ne mai rubutawa ya san wani zai karanta, kuma takardar tana wuri ɗaya da kowa zai iya nema, ba hoto a wayar jami'i ba.

Injiniya Apapa:
Malam na ji wannan, in dai akwai wa'adi yadda majalisa ba za ta danne takarda ta zauna a kai ba, to zan iya yarda. Amma har yanzu ina nan a kan cewa halin mutanenmu ne matsalar. Ka tuna 2017 lokacin da kwastan ta ce masu tsofaffin motoci su zo su biya kuɗin fito, abu ne da ya shafi kowa a Apapa da Berger, sanatoci suka kira shugaban kwastan na lokacin Hameed Ali, maimakon a tsaya kan batun sai rigima ta koma wai sai ya sa kakin kwastan, har suka kore shi daga zauren don ya zo da farar riga da hula. Makonni ana magana a kan kaki.

Barista:
Haka aka yi Injiniya, amma ka ƙarasa labarin, an dakatar da tsarin karɓar kuɗin a lokacin, kuma matsin majalisar na cikin abin da ya sa. Wato in sun so suna iyawa. Ni misalin da ya fi damuna shi ne harajin tsaron intanet na 2024. Majalisa da kanta ta gyara dokar laifukan intanet, kashi 0.5 cikin 100 na cikin dokar. Ranar 6 ga Mayu babban banki ya fitar da takarda ya ce bankuna su fara cirewa daga turin kuɗi na mutane, ƙasa ta ɗauki zafi, cikin kwana 3 majalisar wakilai ta ce a janye, hujjarta kuwa dokar ta lissafa waɗanda za su biya, bankuna da kamfanonin waya da na inshora da makamantansu, ba kowane mai asusu ba. Aka janye takardar. Toh da a ce tun farko an kai musu daftarin, da a ɗakin kwamiti za a gano wannan saɓanin ba sai hankalin miliyoyin mutane ya tashi ba. A ɗaya gefen kuma ka duba kuɗin wuta, Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da wutar lantarki ta ɗaga wa 'yan Band A, wato rukunin da ya fi samun wuta, daga wajen naira 68 zuwa 225 kowane yunit, majalisar wakilai ta ce a dakatar, ba a dakatar ba, ɗan ragi kawai aka yi daga baya. Haka ƙarin kashi 50 na kuɗin kira da data a farkon 2025, sun ce a tsaya, ƙarin ya tafi abinsa. Ƙuduri iri ɗaya, wani ya ci wani bai ci ba, ya danganta da ko fadar shugaban ƙasa ta ga dama.

Ɗan Canji, Eko:
Kuma ku lura da wanda ake tashi dominsa. Da hukumar abinci da magunguna NAFDAC ta fara hana giyar leda a farkon 2024 nan da nan majalisa ta shiga maganar don masu kamfanoni da ƙungiyoyin ma'aikatansu sun san hanyar Abuja. Mai gwari da mai acaɓa wa ya san hanya?

Ɗan Acaɓa, Alaba Rago:
Salam iyayena da yayyena, ni ƙarami ne a nan amma maganar ta zo kaina. Hana okada a Legas ba sabon abu ba ne tun dokar 2012 ta zamanin gwamna Fashola aka hana hanyoyi 475, aka sake wata dokar sufuri a 2018, duk majalisar Alausa ce ta yi. Amma yaushe za a fara, a wace ƙaramar hukuma, wannan ɓangaren gwamna ne ke sanarwa. A 2020 an faɗa ranar 27 ga Janairu aka fara 1 ga Fabrairu, kwana 5. A 2022 an faɗa tsakiyar Mayu aka fara 1 ga Yuni a Ikeja da Surulere da Eti-Osa da Apapa da Mainland da Island, Satumba aka ƙara Mushin da Oshodi da Shomolu da Kosofe. Ni ban ce babu ɓata-gari a cikinmu ba, akwai, kuma hatsari gaskiya ne. Amma na ga yara 'yan uwanmu da suka ɗauki mashin bashi suna biya duk sati, suna loda shi a bayan tirelar shanu da za ta koma arewa, mutum na zaune a kan mashin ɗinsa a cikin bodi yana share hawaye da hula. Da akwai inda za a ce majalisa ta zauna ta ji mu ko na yini ɗaya kafin ranar, ko wata 3 aka bayar mutum ya gama biyan bashi ya sayar da daraja.

Baban Khalifa, Agege:
Allah ya yi maka albarka ƙanina, ka faɗi abin da ke cin mu. Sai dai mu ma da namu laifin. Majalisar Legas kujera 40 ce, kakakinta Obasa ɗan mazaɓar Agege ne, nan unguwar da Hausawa suka fi shekara 100 a ciki. Mu nawa ne katin zaɓenmu na nan? Yawanci ana gobe zaɓe mun cika motoci mun tafi gida. Ɗan majalisa lissafin akwati yake yi. Kuma in an sanar da zaman jin ra'ayin jama'a a Alausa, ƙungiyoyin 'yan kasuwa na wasu suna zuwa da takarda a rubuce da lauya, mu sai dai bayan an gama mu tara sarakuna a je gaisuwa da roƙo.

Maman Ummi, Idi-Araba:
Baban Khalifa wannan gaskiya ce mai ɗaci. Amma sanarwar ma a jaridar Turanci ake sa ta, wa zai gaya wa mai tuwo a Idi-Araba? Sai in wani a cikinmu zai ɗauki nauyin bibiya ya riƙa sanya mana a nan da Hausa, ko da murya ce ya ɗauka.

Malamin Makaranta, Obalende:
Hajiya ni zan iya wannan, ina duba jaridu kullum dama. Duk wanda na gani zan fassara in turo.

Alhaji Mai Gwari, Mile 12:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Barista yanzu ni a nawa me zan yi? Rasit ɗin na nan, na duba, akwai tambari amma ba lambar asusun gwamnati, da biro aka rubuta kuɗin. Kuma na tambaya a kasuwa yau, motoci 3 aka yi wa haka cikin satin nan.

Barista:
To ranka ya daɗe wannan ya ƙara min shakku. Ga yadda za mu yi, ka haɗa min rasit ɗinka da na sauran mutum ukun da lambobin motocin da ranar da wurin. Za mu rubuta wa hukumar da tambarinta ke jiki mu ce ta ba mu kwafin ƙa'idar da sashen dokar da ta dogara da shi, in ta tarayya ce dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ta kwana 7 ta amsa. In ta ce ba ta san takardar ba, magana ta zama ta 'yan sanda. In ta ce tata ce, sai mu kai ƙorafi kwamitin koke-koken jama'a na majalisar da abin ya shafa da sunan ƙungiyar 'yan gwari ba da sunanka kai kaɗai ba, kuma kotu na nan, don ƙa'idar da ta wuce iyakar uwar dokarta kotu na rushe ta, ko a 2023 wata babbar kotun tarayya a Abuja ta ce hukumar NBC mai kula da kafofin yaɗa labarai ba ta da hurumin cin gidajen rediyo da talabijin tara da kanta. Ba zan karɓi ko kwabo ba a kan wasiƙar.

Injiniya Apapa:
Barista in za a rubuta a sa da batun tirelolin da ke fitowa daga tashar jirgin ruwa, akwai wata sitika da ake karɓar kuɗinta su ma, zan nemo rasit biyu ko uku wajen direbobinmu.

Alhaji Mai Gwari, Mile 12:
Madalla. Zan yi wa shugaban ƙungiyarmu magana yau da dare. Barista ranar Juma'a bayan an sauko masallaci zan same ka a Agege da takardun, direban ma zan zo da shi don shi ya ga fuskokinsu tun farko.

Barista:
Allah ya kai mu. Ka ce masa ya zo da takardun motar gaba ɗaya, har da na lodin da aka ba shi a Kano.